Faifan taɓawa mai maɓallai ko marar maɓallai: wanne ya fi dacewa da mai sayen kwamfutar tafi-da-gidanka?

Mafi yawan masu sayen kwamfutar tafi-da-gidanka sukan tsaya ne a kan ƙarfin injinta, da girman ma'ajiyarta, da tsawon lokacin da batirinta yake ɗauka kafin ya ƙare. Da wuya a ji wanda ya tambayi mai shago yadda faifan taɓawarta yake, wato ɗan filin nan da ke ƙasan madannan rubutu wanda ake shafawa da yatsa domin motsa kibiyar da ke kan fuskar kwamfuta. Alhali kuwa, in aka cire madannan rubutu, babu wani ɓangare da hannu yake yini a kansa kamar wannan faifai. Ana iya ƙara ma'ajiya a kwamfutoci da yawa, ana iya sauya batir, amma faifan da kwamfuta ta zo da shi galibi da shi za ta tsufa, saboda haka ya cancanci a yi masa tunani tun kafin a biya kuɗi.

Iri uku ne ake samu a kasuwa yau. Akwai faifai mai maɓallai na daban, guda biyu ko uku, a ƙasansa ko a samansa, inda faifan yake motsa kibiya kawai, maɓallan kuma su yi aikin dannawa. Akwai faifan da shi kansa ne maɓallin, wanda ake danna shi ya ɗan nutsa ya yi ƙara, kuma shi ne ya mamaye yawancin kwamfutocin da aka ƙera cikin shekaru goma da suka wuce. Na uku shi ne faifan da ba ya nutsawa ko kaɗan, sai dai ya auna nauyin yatsa, sannan ya yi wata 'yar girgiza da take sa mutum ya ji kamar ya danna wani abu. Ra'ayina shi ne na farko da na uku kowanne yana da hujja mai ƙarfi, na biyun kuwa, musamman a kan kwamfutoci masu araha, shi ne ya fi wahalar da mutane, ga shi kuma shi ne ya fi yawa.

Tarihin abin gajere ne. A 1992 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar ThinkPad ɗauke da ɗan jan tsinken nan da ke tsakiyar madannan rubutu, wanda ake turawa da yatsa a motsa kibiya, ake kuma kiransa TrackPoint, da maɓallansa a ƙasan madannan. A 1994 kamfanin Apple ya sa faifan taɓawa a jerin kwamfutocinsa na PowerBook 500 a madadin ƙwallon da ake murzawa a da, kuma cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu, kowanne da maɓallansa a ƙasan faifai. Haka aka ci gaba har zuwa Oktoban 2008, lokacin da Apple ya fitar da MacBook mai faifan gilashi wanda ba shi da maɓalli na daban. Akwai wani abu da ake yawan mantawa a nan: faifan kwamfutocin tafi-da-gidanka na Apple maɓalli ɗaya tak yake da shi tun asali, kuma an gina manhajarsu a kan haka, don haka cire shi bai raba masu amfani da su da wani abu mai yawa ba. Masu Windows kuwa sun saba da maɓallin hagu da na dama, wasu har da na tsakiya, kuma da kamfanoninsu suka kwaikwayi wannan salo, abu biyu ko uku suka rasa a lokaci guda.

Babban misalin yadda mutane suka ji zafin wannan rashi ya fito ne daga Lenovo, wanda ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005. A 2013 kamfanin ya fitar da ThinkPad T440 da X240 da 'yan uwansu, ya cire maɓallan gaba ɗaya, na sama da na ƙasa, ya mayar da su cikin faifai guda da ake dannawa duka ya nutsa. Masu amfani da jan tsinken su ne suka fi shiga matsala, domin aikinsu ya dogara ne a kan babban yatsa ya laluba maɓalli uku ba tare da ido ya duba ba, ga shi yanzu babu abin lalubawa sai shafaffen fili. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya janye, kuma a farkon 2015 ya dawo da maɓallai ukun nan na sama a T450 da X250. Har yau masu gyara sukan cire faifan T440 su ɗaura na T450 a gurbinsa, saboda girmansu ya zo ɗaya. Ba kasafai babban kamfani yake komawa kan abin da ya watsar ba, kuma wannan komawa shaida ce cewa son maɓallai ya wuce sabo kawai. Akwai ayyukan da suke tafiya daidai da su, suke cijewa idan babu su.

Aikin da ya fi fito da bambancin shi ne ja da saki: a danna abu a riƙe, a ja shi zuwa wani wuri, sannan a sake shi. Da shi ake zaɓar dogon rubutu domin kwafa, da shi ake ɗaukar fayil daga wannan jaka zuwa waccan, da shi ake jan layuka a Excel, da shi ake daidaita hoto a CorelDRAW ko Photoshop. A faifai mai maɓallai, babban yatsa yana zaune a kan maɓallin hagu ya riƙe, manuniya kuma tana yawo a kan faifai, kuma idan ta kai bakin faifan sai a ɗaga ta a dawo da ita baya a ci gaba, abin da aka ɗauko ba zai faɗi ba, domin maɓallin yana riƙe har yanzu. Ayyuka biyu ne a wurare biyu, na'urar ba ta buƙatar yin hasashen komai. A faifan da shi ne maɓallin kuwa, yatsun biyu suna kan fili ɗaya, kuma dole manhaja ta tantance wanne ne yake riƙewa, wanne ne yake ja, ko kuma mutum yana nufin gungura shafi ne da yatsu biyu. Idan manhajar tana da kyau takan gane, idan ba ta da kyau sai kibiya ta yi tsalle, ko fayil ya faɗa cikin jakar da ba a nufa ba. Wanda ya ja da yatsa ɗaya kuma dole ya ci gaba da danne faifan da ƙarfi yana jan yatsan a lokaci guda, kuma mai yin haka tun safe har la'asar zai ji a wuyan hannunsa.

Akwai kuma matsalar yadda ake ƙera irin wannan faifai. Yawancinsu an kafe su ne daga gefen sama, maɓalli ɗaya kuma yana ɓoye a ƙarƙashin gefen ƙasa, don haka suna aiki kamar ƙyauren ƙofa, wanda turawa daga bakinsa take da sauƙi, amma turawa daga kusa da inda aka kafe shi take buƙatar ƙarfi. Ƙasan faifan yana nutsawa da ɗan nauyi kaɗan, tsakiyarsa yana buƙatar ƙari, samansa kuwa a wasu kwamfutocin ba ya dannuwa sam. Sannan a daidai lokacin da yatsa yake dannawa, namansa yakan ɗan baje ya mirgina, faifan kuma ya ɗauki wannan a matsayin motsi, sai kibiya ta goce daga inda aka saita ta. Ga mai karanta labarai wannan ba komai ba ne, amma ga mai son tsayar da kibiya tsakanin haruffa biyu, ko mai kama ƙaramin ɗigo a zanen gini, abu ne da yake maimaituwa har ya gundure shi.

Danna dama ma haka take. Inda akwai maɓalli, yatsa ya san wurinsa ko a cikin duhu. Inda babu, ana danna kusurwar dama ta ƙasa ne, wadda a faifai da yawa ba ta da wata iyaka da fata za ta ji, ko kuma a taɓa da yatsu biyu. Hanyar yatsu biyun tana da kyau ƙwarai ga wanda ya saba, kuma ina ganin ta fi laluben kusurwa. Sai dai ga dattijon da ya fara koyon kwamfuta da girma, ko wanda hannunsa yake rawa, ko mai ciwon gaɓoɓin yatsu, maɓallin da ake ji a hannu yana kawar da kurakurai masu yawa, domin yana iya ajiye kibiya, ya ɗauke yatsansa daga faifai gaba ɗaya, sannan ya danna a natse ba tare da ta motsa ba. Duk mai saya wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa kwamfuta ya kamata ya sa wannan a gaba.

Maɓallin tsakiya shi ne wanda mutane da yawa ba su san amfaninsa ba, waɗanda suka sani kuma ba sa son rabuwa da shi. A AutoCAD da shi ake riƙe zane a matsar da shi, a Blender da shi ake juya abin da ake ƙerawa a dube shi ta kowane gefe, a manhajar shiga intanet yana buɗe mahaɗi a sabon shafi kuma yana rufe shafi da dannawa ɗaya, a Linux kuma, wato manhajar tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows, yana liƙa rubutun da aka zaɓa. A ThinkPad, riƙe shi tare da tura jan tsinken yana gungura shafi. Wannan ne ya sa manyan kwamfutocin injiniyoyi irin su HP ZBook da Dell Precision suka daɗe suna zuwa da maɓallai uku bayan sauran sun bari. Ana iya saita taɓawa da yatsu uku ta zama danna tsakiya a Windows, kuma tana wadatarwa wajen buɗe mahaɗi, amma ba ta maye gurbin riƙewa a ja, wanda shi ne abin da ɗalibin zanen gini yake buƙata.

Duk da haka, faifai marar maɓallai yana da abin da ya fi na da, kuma zalunci ne a ɓoye shi. Wurin da maɓallai suke ci ya koma cikin faifai, don haka ya fi faɗi, kuma faɗin nan shi ne ya ba da damar shafa da yatsu da yawa: biyu su gungura shafi ko su ƙara girman hoto, uku su sauya daga wannan manhaja zuwa waccan, huɗu su sauya daga wannan fuskar aiki zuwa waccan. Mai karatu da bincike, wanda yawancin aikinsa gungurawa ne da sauya shafuka, zai fi jin daɗin babban faifan gilashi mai santsi fiye da ƙaramin faifan roba na tsofaffin kwamfutoci, wanda tsakiyarsa yake gogewa ya yi ƙyalli bayan 'yan shekaru. Haka kuma mutane da yawa ba sa danna faifan sam, taɓawa kawai suke yi a hankali, kuma ga irinsu kasancewar maɓalli ko rashinsa duk ɗaya ne.

Nau'i na uku ya zo ne domin gyara aibin na biyu. A Maris ɗin 2015 Apple ya fitar da faifan da ya kira Force Touch, wanda yake da na'urorin auna nauyi a ƙarƙashinsa da wani ɗan inji mai girgiza. Faifan ba ya nutsawa, kuma hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce a kashe kwamfutar a danna shi, za a ji shi tsit kamar gilashin taga. Tunda babu inda aka kafe shi ya riƙa lilo, dannawa a sama da ƙasa da gefe duk nauyinsu ɗaya, ana kuma iya rage ko ƙara nauyin a cikin saiti, abin da ya sa ja da saki ya yi sauƙi sosai. Kwamfutocin Windows sun biyo baya a hankali: Surface Laptop Studio na Microsoft a 2021, sai ThinkPad Z13 da Dell XPS 13 Plus a 2022. Na Dell ɗin ya tafi da nisa har ya ɓoye iyakar faifan a cikin gilashi guda da ya shimfiɗu daga wannan gefe zuwa wancan, abin da yake da kyau a ido amma yake barin yatsa ba tare da sanin inda faifan ya ƙare ba. Aibin wannan nau'i shi ne tsada, domin har yanzu ya fi yawa a kwamfutoci masu tsada, kuma bai dawo da maɓallin tsakiya ba.

Kafin a ɗora wa ƙirar faifai laifi, a duba manhajar da take tuƙa shi. A da kowane mai ƙera faifai, irin su Synaptics da Elan da Alps, yana da tasa manhajar, kuma ingancinsu ya sha bamban daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Tun daga Windows 8.1 a 2013 Microsoft ya kawo tsarin da ya kira Precision Touchpad, inda Windows da kanta take fassara motsin yatsu, kuma wannan ya gyara abubuwa da yawa, musamman gungurawa da ƙin kula tafin hannu idan ya goga faifai lokacin rubutu. Faifai marar maɓallai da yake kan wannan tsari ya fi wanda ba ya kansa nesa ba kusa ba. Ana gane shi a sashen faifan taɓawa na saitin Windows, inda za a ga zaɓin yatsu uku da huɗu a jere.

Yanayin wurin da za a yi amfani da kwamfuta ma yana da tasiri. Duk nau'o'in uku suna gane yatsa ne ta hanyar ɗan sauyin lantarki da fata take haifarwa, saboda haka danshi yana rikita su, ko na gumi ne a watannin zafi, ko na hannun da bai gama bushewa ba bayan alwala. Cajar da ba ta da inganci, ko soket ɗin da ba shi da wayar ƙasa, shi ma yakan sa kibiya ta riƙa rawa, kuma ana gane haka idan aka zare caja matsalar ta tsaya. A irin wannan hali mai maɓallai na daban yana da ɗan sauƙi, domin dannawarsa ba ta bi ta faifai, mai jan tsinke kuma yana da hanya ta biyu wadda danshi bai dame ta ba, tunda matsi take aunawa. A ɗaya ɓangaren, ƙurar hunturu tana shiga ramukan da ke gefen maɓallai, kuma maɓallin hagu, da yake shi ne ya fi shan aiki, yakan saki ko ya daina amsawa a tsofaffin kwamfutoci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne batir. A siraran kwamfutoci na yanzu batirin yana kwance ne a ƙarƙashin faifai, kuma zafi da barin sa a caji kullum suna iya sa shi ya kumbura ya tura faifan sama har ya daina dannuwa. Faifan da ya taso ko ya yi tauri farat ɗaya alama ce ta haɗari, kuma abin da ya dace shi ne a daina amfani da kwamfutar har mai gyara ya duba batirin.

A kasuwannin da ake sayar da kwamfutoci na hannu, irin su Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, yawancin kayan tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka ne, kuma a cikinsu ne mai son maɓallai zai sami biyan buƙata. HP EliteBook 840 G3 tana da biyu a sama da biyu a ƙasa, ThinkPad T430 tana da uku a sama da biyu a ƙasa, Dell Latitude E7470 ma tana da nata a ƙasan faifai. Sai dai a nan akwai tarko. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, kuma waɗannan ukun duk ba su kai ba. Bai dace mutum ya sayi kwamfutar da sabunta tsaronta ya ƙare saboda maɓalli kawai ba, sai in Linux zai ɗora mata. Madaidaicin wuri shi ne kwamfutocin 2018: ThinkPad T480 mai maɓallai uku a sama, da EliteBook 840 G5 mai biyu a sama, da Latitude 7490 mai biyu a ƙasa, tare da tabbatar da cewa injin da ke ciki na ƙarni na takwas ne, domin wasu sun zo da na bakwai. Maɓallan sama an yi su ne domin tsinke, amma suna aiki da faifai ma, sai dai hannu yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba miƙa yatsa sama maimakon ƙasa.

Wani zai ce ai linzamin kwamfuta na waje yana da araha, kuma ya warware gardamar duka. Gaskiya ne ga mai tebur, kuma duk mai zanen gini ko haɗa bidiyo ya mallaki ɗaya ko da wane irin faifai yake da shi, domin babu faifan da ya kai shi daidaito. Amma ɗalibin da yake aiki a kan cinyarsa a ɗakin kwana, da ɗan jaridan da yake rubutu a cikin mota, da malamin da yake tsaye gaban aji, ba su da inda za su ajiye linzami, kuma su ne ya kamata su fi tsanantawa wajen zaɓe.

Shawarata ga mai yawan ja da saki, ko mai buƙatar maɓallin tsakiya, ko mai saya wa dattijo, ita ce ya nemi mai maɓallai, ko da faifan ya ɗan fi ƙanƙanta. Mai karatu da rubutu da yawo a intanet, wanda kuma aljihunsa zai iya, ya ɗauki mai girgiza. Wanda kuɗinsa ya tsaya a kan faifai mai nutsawa kuwa, kada ya biya sai ya gwada shi a gaban mai shago: ya danna kusurwoyi huɗu da tsakiya ya ji ko nauyin ya yi masa, ya taɓa shi a hankali ya saurara ko yana kaɗawa kafin ya dannu, ya buɗe dogon rubutu ya zaɓe shi daga sama har ƙasa, ya ja fayil daga wannan gefen fuska zuwa wancan, ya rubuta 'yan layuka ya ga ko tafin hannunsa yana kautar da kibiya, sannan ya maimaita duka da caja a jone da kuma bayan an zare ta. Idan ya riga ya saya kuma faifan yana ba shi wahala, ya kunna taɓawa a madadin dannawa, ya mayar da danna dama zuwa yatsu biyu, ya kuma gwada ClickLock a saitin linzami na Windows, wanda yake riƙe abin da aka ɗauko ba tare da an ci gaba da dannewa ba, har sai an sake dannawa a inda ake son ajiye shi.